Duwatsun Wuta na Lanzarote: Ribar Baƙi da Nauyinsu

A cikin tekun Atlantika, kimanin kilomita 125 daga gaɓar Maroko, akwai wani tsibiri mai suna Lanzarote, ɗaya daga cikin tsibiran Kanari da ke ƙarƙashin mulkin Sifaniya, wanda mazaunansa ba su kai dubu 200 ba, alhali kuwa baƙin da ke sauka a kansa kowace shekara sun kai wajen miliyan uku. Da yawa daga cikin waɗannan baƙi, idan sun ƙoshi da rairayin bakin teku, sukan keɓe yini guda su nufi gandun Timanfaya, inda babu inuwa, babu ƙorama, babu naman daji, sai baƙin dutse da jan toka iyakar ganin ido. Kuma wannan al'amari, wato mutum ya biya kuɗi domin ya kalli kufai, ya cancanci a bincika sababinsa da abin da ya haifar.

Asalin wurin musiba ce. Ranar 1 ga Satumba, 1730, ƙasa ta tsage, duwatsu suka shiga aman wuta, ba su lafa ba sai a 1736, bayan narkakken dutse da toka sun binne ƙauyuka da gonakin hatsi mafi albarka, har wajen rubu'in tsibirin. Limamin cocin Yaiza, Andrés Lorenzo Curbelo, ya bar tarihin abin da idonsa ya gani, kuma jama'a da yawa suka yi hijira. Wutar ta sake tasowa a 1824. Shekaru fiye da ɗari biyu mutanen wurin ba su ɗauki wannan yanki a bakin komai ba face ƙasar da ta mutu, kuma talauci da fari suka riƙa tura 'ya'yansu ci-rani zuwa Kuba da Benezuwela.

Sababi na zahiri da ya juya lamarin sananne ne, ba ya buƙatar dogon sharhi: jirgin sama ya yi araha, tafiyar awa huɗu ke tsakanin Ingila da tsibirin, kuma lokacin da hunturu ya rufe Turai rana tana nan a Kanari. Amma wannan yana bayyana zuwan mutane bakin teku ne kawai, bai bayyana abin da ya ja su zuwa dutse ba. A nan dole a ambaci César Manrique, mai zane ɗan asalin tsibirin, wanda aka haifa a 1919, ya dawo gida daga Amurka a tsakiyar shekarun 1960 da wani ra'ayi da mutane da yawa suka ɗauka wauta ce, cewa ƙonanniyar ƙasar nan ita ce dukiyar da babu irinta a wani wuri, muddin ba a ɓata ta ba. Da shi da abokin aikinsa Jesús Soto, tare da goyon bayan majalisar tsibirin, suka tsara hanya mai tsawon kilomita 14 wadda ke ratsa tsakanin bakunan duwatsun, suka gina gidan abinci a kan tudun da ake kira Islote de Hilario, inda ake gasa nama da zafin da ke fitowa daga cikin ƙasa ba tare da itace ko gawayi ba. A can ne ma'aikaci zai jefa busasshiyar ciyawa a rami ta kama da wuta nan take, ya zuba ruwa a bututu ya dawo sama da ƙara ya zama tururi, domin zafin ƙasa, a zurfin 'yan mitoci kaɗan, yana kaiwa daraja ɗaruruwa a ma'auni. A 1974 gwamnati ta ayyana wurin a matsayin gandun ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 51, kuma a 1993 hukumar UNESCO ta sanya tsibirin baki ɗaya cikin wuraren da ake kiyaye halittarsu.

Akwai kuma sababi na baɗini, wanda ni a ganina ya fi sauran ƙarfi, shi ne cewa ɗan Adam, komai nisansa da addini, an halicce shi da ƙishirwar ganin abin da ya fi ƙarfinsa. Kuma mutumin birni, wanda duk abin da ke kewaye da shi aikin hannun mutum ne, idan ya tsaya a bakin ramin da ya taɓa amayo wuta shekara shida, yakan ji wata haiba da ba ya samun ta a gida, ko ya kira ta da sunan ƙudurar Ubangiji ko bai kira ba. Wayar hannu ta ƙara wa wannan sha'awa mai, tun da kowane hoto da baƙo ya aika wa 'yan'uwansa gayyata ce ga wasu.

Idan aka juya ga sakamako, adalci ne a fara da abin da ya yi kyau, kuma yana da yawa. Gandun kansa ya tsira, duk da baƙi fiye da miliyan ɗaya a shekara, saboda an ɗaure ƙafar baƙo: ba a barin kowa ya bi hanyar nan ta tsakanin duwatsun da motarsa, sai a motar safa ta hukuma, ba a kuma sauka a taka tokar, domin sawu ɗaya yakan daɗe bai goge ba a ƙasar da ruwan sama bai cika zuwa ba, kuma ƙananan tsirrai masu kama da gansakuka, waɗanda su ne farkon rai a kan dutsen, suna girma ne a hankali ƙwarai. Raƙuma, waɗanda aka kawo daga gaɓar Afirka ƙarnoni da suka wuce domin noma da dako, da sun ƙare bayan zuwan injina, amma yanzu masu su a ƙauyen Uga suna ci da su ta hanyar ɗaukar baƙi a gindin dutsen. Haka nan manoman inabi na La Geria, waɗanda kakanninsu suka gano cewa tokar da ta kashe gonakinsu tana riƙe raɓa, suka haƙa wa kowane tsiro raminsa, suka kewaye shi da ƙaramar katanga mai siffar jinjirin wata don kare iska, kusan yadda manoman Tawa ke haƙa tassa a fako. Wannan noma mai wahala ya sami kasuwa daga baƙi.

Sai dai ƙa'idar da aka tsananta a cikin gandun ba a tsananta ta a wajensa ba, kuma a nan ne mafsadar take. Baƙon da aka hana shi taka toka na awa biyu yana kwana mako guda a otal, yana wanka, yana iyo a tafki, a tsibirin da ruwan samansa bai cika wuce milimita 150 a shekara ba, wanda tun 1964 yake dogara ga tace ruwan teku, aikin da ke cin wuta da mai. Gidajen da ya kamata ma'aikata su zauna an mayar da su masaukin 'yan hutu, haya ta yi tsada, har ta kai mai gyaran ɗakin otal ba ta samun ɗakin da za ta iya biya kusa da wurin aikinta. Yawon buɗe ido ya kai kusan sulusin tattalin arzikin tsibiran Kanari, amma albashi a can yana cikin mafi ƙanƙanta a Sifaniya. Saboda haka ne ranar 20 ga Afrilu, 2024, dubban mutane suka fito zanga-zanga a tsibiran, suna cewa ƙasarsu tana da iyakar abin da za ta iya ɗauka.

Wata illar kuma ta shafi zuciya. Wutar da aka tsara mata lokaci da tikiti takan koma abin nishaɗi, a manta cewa ba ta mutu ba. Lokacin da dutsen Cumbre Vieja ya yi aman wuta a tsibirin La Palma a 2021, na tsawon kwana 85, ya rushe gine-gine kusan 3,000, an ga masu zuwa kallo suna cika jirage a daidai lokacin da mutum wajen 7,000 suka bar gidajensu. Kuma a 2019 mutum 22 suka rasa rayukansu a tsibirin Whakaari na ƙasar New Zealand, mafi yawansu baƙi ne da aka kai yawo bakin ramin.

Abin da na fahimta shi ne, Timanfaya ya tabbatar da cewa ana iya haɗa maslahar ƙasa da ribar baƙi idan hukuma ta yarda ta ce a'a, kuma jama'a suna karɓar hanin ba tare da sun daina zuwa ba. Manrique ya so a shimfiɗa irin wannan hani a kan tsibirin duka, ya yaƙi dogayen benaye da allunan talla a bakin hanya, har ya rasu a haɗarin mota a 1992. Wani tsarin amfani da ƙasa da tsibirin ya kafa a 1991 ya ƙayyade yawan gadajen baƙi, amma wasu ƙananan hukumomi suka ba da izinin gini fiye da ƙima, kotuna suka soke lasisin otal-otal da dama, musamman a kudancin tsibirin, kuma wasunsu sun ci gaba da karɓar baƙi shekaru bayan hukuncin.