Tafkin Kalmalo: Yashi Ne Abokin Gaban Kowa

Daga Wakilinmu

Wanda ya bar birnin Sakkwato ya yi arewa ta hanyar Kware da Gwadabawa, zai yi tafiyar kilomita 80 da 'yan kai kafin ya isa Illela, garin da ke bakin iyakar Nijeriya da Jumhuriyar Nijar. Kusa da Illela ne garin Kalmalo yake, a gefen tafkin da ake kira da sunansa. Mazauna bakin teku, kamar mutanen Ikko, kukansu shi ne ruwa yana cin ƙasa. Mutanen Kalmalo kuwa, nasu kukan shi ne ƙasa tana cin ruwa.

Wannan tafki ba haƙa shi aka yi ba, haka nan Allah Ya ajiye shi. Tun kaka da kakanni masunta ke kama kifi a cikinsa, makiyaya na shayar da dabbobinsu, manoma kuma na bin bakinsa da noman rani, suna samun albasa da tumatir da tattasai. Saboda albarkarsa ne gwamnati ta kafa shirin ban ruwa a wurin. Amma tun daga shekarun 1980 tafkin ya shiga ja da baya, har a wasu shekaru yakan ƙafe. Duk shekarar da haka ta faru kuwa, samari sai su ɗaura niyyar ci-rani, a bar tsofaffi da mata da yara a gida.

Kafin a gane abin da ya sami tafkin, wajibi ne a san inda ruwansa yake fitowa. Gulbin Majiya ne ke ciyar da shi. Wannan gulbi yana tasowa daga tuddan ƙasar Adar, a jihar Tawa ta Nijar, ya gangaro ta kusa da Birnin Ƙonni, sa'an nan ya ƙetaro iyaka ya zuba a Kalmalo. Da damina kaɗai yake gudu. Watau ke nan iyakar da Turawan Ingila da na Faransa suka shata a farkon ƙarni na 20 ta raba gulbin da tafkinsa, ta bar kai a wata ƙasa, ƙafafu a wata.

Abubuwa uku ne suka taru suka raunana tafkin. Na farko shi ne fari, musamman wanda aka sha daga 1972 zuwa 1974, da kuma na 1983 da 1984. Na biyu shi ne madatsun ruwa na Mozage da Zango, waɗanda Nijar ta gina a kan Majiya domin shirin noman rani na Ƙonni, mai faɗin fiye da hekta 2,000. Ruwan da a dā yake wucewa kai tsaye, sai ya zamana ana tare wani kaso nasa a can sama.

Na uku, wanda ba a cika ambatonsa ba, shi ne yashi. Idan aka sare itatuwan da ke kan tudu, aka bar ƙasa tsirara, iska da ruwan sama sukan kwashe ta su zuba a cikin kwari. Kowace damina gindin tafki yana ƙara cikewa, zurfinsa yana raguwa. Ruwan da ba shi da zurfi kuwa bazuwa yake yi, rana da iskar hunturu su shanye shi tun bazara ba ta kama ba. Abin lura a nan shi ne, wannan yashi bai san iyaka ba. Yadda yake cike tafkin Kalmalo, haka yake cike madatsun Nijar, yana rage ruwan da suke iya riƙewa. Manomin Ƙonni da na Kalmalo, waɗanda harshensu ɗaya ne kuma suna auratayya, ciwo ɗaya ke damunsu.

Ta fuskar hukuma, akwai ƙafar da za a tsaya a kai. A shekarar 1971 ƙasashen biyu suka kafa Hukumar Haɗin Gwiwa ta Nijeriya da Nijar, mai hedkwata a Yamai. A watan Yuli na 1990 kuma suka sa hannu a kan yarjejeniyar Maiduguri, wadda ta tanadi raba ruwan gulabe huɗu da suka haɗa su bisa adalci, Majiya kuwa tana cikinsu. Sai dai takarda ba ta cika tafki. Yarjejeniya irin wannan ba ta aiki sai an riƙa auna ruwan da ke shigowa, ana rubutawa, ana zama a kan teburi da alƙaluma a hannu.

Ta fuskar talakawa kuwa, ba sai an je nesa neman abin koyi ba, domin a cikin wannan kwari na Majiya yake. A shekarar 1975, a yankin Buza, ma'aikatan gandun daji na Nijar da ƙungiyar CARE suka fara dasa layukan dogon yaro a tsakanin gonaki domin tare iska. Aka ɗauki masu gadi su tsare dashen daga dabbobi har ya girma. Cikin shekaru goma sha, layukan suka kai ɗaruruwan kilomitoci, gero ya ƙara yabanya a bayansu, jama'a kuma suka sami itacen girki da na rufin ɗaki daga rassan da ake sassabewa.

Har ila yau, tun daga wajejen 1983 manoman jihar Maraɗi suka kama wata dabara da ake kira sassabin zamani. Maimakon a tumɓuke duk tsiron da ya fito daga kututture a lokacin sharar gona, sai manomi ya zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi ya bari, ya datse sauran. Da yake saiwar tana nan da ranta a ƙarƙashin ƙasa, gawo da kalgo da sabara da aduwa sukan tashi da sauri ba tare da ban ruwa ba. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Wannan aiki ba ya bukatar kwangila, wuƙa da haƙuri kawai yake so.

A namu ɓangaren ma ƙofofi a buɗe suke. Jihar Sakkwato tana cikin jihohi 11 da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ya shafa, shirin da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, Nijeriya kuma ta kafa masa hukuma a 2015. A 2021 Bankin Duniya ya amince da Dala miliyan 700 domin shirin ACReSAL na gyaran ƙasa da ruwa a jihohin Arewa. Amma kowa ya san yadda bikin dashen itatuwa yakan ƙare: a dasa yau, a ɗauki hoto, gobe awaki su cinye. Darasin Buza shi ne, itacen da ke da mai shi, shi ke rayuwa.

Saboda haka aiki ya rataya a wuyan kowa. Hakimai da masu unguwanni su tsayar da dokar hana sare itatuwan bakin tafki, su kuma kiyaye burtali domin kada manomi da makiyayi su yi ta arangama a kan ɗan ruwan da ya saura. Malaman gona da na daji su fita daga ofis su koya wa manoma sassabin zamani. Ɗaliban jami'a da na kwalejojin Sakkwato masu neman abin bincike, ga tafki nan yana jiran wanda zai kafa masa ma'auni, ya riƙa rubuta hawansa da saukarsa kowane mako. Ran da wakilanmu za su zauna da na Nijar a kan ruwan Majiya, wannan littafi ne zai yi magana a madadin Kalmalo.