Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba Ne: Ƙwallon Kwando, Kuɗi Da Karatu A Jami'o'in Amurka

Yau filin namu zai kai mu can ƙasar Amurka, mu dubo wata magana da ta daɗe tana ta da ƙura a jami'o'insu. Wato maganar biyan ɗalibai masu wasan ƙwallon kwando, da yadda suke ƙaura daga wannan jami'a zuwa waccan. Kada wata ta ce ina ruwanta da ƙwallo. Magana ce ta gumi da lada, da kuma karatun 'ya mace, waɗannan kuwa babu gidan da ba su shafa ba.

YADDA ABIN YAKE A DA

A Amurka jami'o'i da yawa suna da ƙungiyar ƙwallon kwando ta maza da ta mata. Akwai wata babbar hukuma da ake kira NCAA, wadda aka kafa a 1906, ita ke tsara dokokin wasannin ɗalibai. Jami'o'in da ke sahun farko nata sun haura 350. Kowace shekara idan watan Maris ya kama sai a shiga gasar fid da gwani, wanda aka cinye ya koma gida, har a sami zakara.

Kada ku ɗauka irin wasan yaran makaranta ne da muka saba gani ranar bikin wasanni. Kasuwa ce babba. A 2010 kamfanonin talabijin na CBS da Turner sun ƙulla yarjejeniyar biyan dala biliyan 10.8 cikin shekara 14 don su riƙa nuna gasar maza kawai. Manyan masu koyar da wasan kuma albashin wasunsu ya kai miliyoyin dala a shekara.

To, ɗalibin da ke tsalle da guje-guje a fili fa, me yake samu? Kuɗin makaranta, da ɗakin kwana, da abinci, da littattafai. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don karatun jami'a a can akwai tsada. Amma doka ta hana shi karɓar ko kwabo saboda wasansa. Idan wani ɗan kasuwa ya ba shi kuɗi don ya tallata masa kaya, sai a dakatar da shi. Jami'a kuwa tana sayar da riga mai lambarsa tana zuba kuɗin a asusunta. Kura da shan bugu ke nan, gardi da kwashe kuɗi.

Haka kuma idan zama bai yi wa ɗalibi daɗi ba yana son ya koma wata jami'a, sai ya nemi izinin wadda yake ciki kafin wata ta yi magana da shi. In ya koma kuma, sai ya yi shekara guda cur yana kallo daga gefe, ba ya shiga gasa. Alhali kuwa mai koyar da shi, da zarar an yi masa tayin albashi mai tsoka, gobe sai ya tattara nasa ya nasa ya tafi, ba mai ce masa uffan.

YADDA KIƊA YA SAUYA

Wani tsohon ɗan wasan jami'ar UCLA mai suna Ed O'Bannon, wanda ya ci gasar ƙasa a 1995, shi ya fara karya wannan ƙofa. Ya ga an sa siffarsa a cikin wani wasan kwamfuta da ake sayarwa, ga lambar rigarsa 31, ga shi bahago kamar yadda yake, amma ba wanda ya nemi izininsa balle a biya shi. A 2009 ya kai ƙara. A 2014 wata mace mai shari'a, Claudia Wilken, ta yanke hukunci cewa dokar NCAA ta saɓa wa dokar ciniki ta ƙasar.

Daga nan sai abu ya yi ta bin abu. A 2019 Jihar Kalifoniya ta yi dokar da ta yarje wa ɗalibai su ci moriyar sunansu da hotonsu. A watan Yuni na 2021 ne alƙalai tara na Kotun Ƙoli ta Amurka suka haɗa baki ɗaya, suka ce NCAA ba ta da ikon ƙayyade taimakon karatu da jami'a za ta ba ɗan wasanta. Ganin haka, daga 1 ga Yuli 2021 sai hukumar ta sakar wa ɗalibai mara su yi talla, su sa hannu a yarjejeniya da kamfanoni, su karɓi kuɗinsu.

Maganar ƙaura ita ma ta sauya. A watan Oktoba 2018 aka buɗe wata rajista a kwamfuta, inda duk mai son barin jami'arsa za a shigar da sunansa, sauran jami'o'i su gani su neme shi. A 2021 aka yafe zaman shekara guda ga wanda zai yi ƙaura karo na farko. A 2024 kuma aka ce ko sau nawa mutum ya ƙaura zai iya wasa nan take, muddin karatunsa yana tafiya daidai.

Babbar magana ta zo a watan Yuni 2025, lokacin da ita dai Mai Shari'a Wilken ta amince da wani sulhu tsakanin NCAA da 'yan wasa. An yarda za a biya 'yan wasan da aka hana haƙƙinsu a baya kimanin dala biliyan 2.8 cikin shekara goma. An kuma yarda jami'a da kanta ta riƙa biyan 'yan wasanta, har kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar karatu ta 2025 zuwa 2026.

INA RABON MATA?

Tun 1972 Amurka take da dokar da ta hana makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin namiji da mace. Wannan doka ce ta buɗe wa 'yan mata ƙofar wasanni da tallafin karatu. Amma doka a takarda daban, aiki da ita daban. A gasar 2021 wata 'yar wasa, Sedona Prince, ta ɗauki hoton bidiyo na wurin motsa jiki da aka tanadar wa mata, 'yan ƙarafa kaɗan a jere, alhali an cika wa maza zaure guda da kayan aiki. Duniya ta gani, kunya ta kama hukuma, ta ba da haƙuri ta gyara. Ita wannan Sedona tana cikin waɗanda suka shigar da ƙarar da ta kai ga sulhun 2025. Kun ga amfanin buɗe baki a faɗi gaskiya cikin ladabi da hujja.

Da aka ba mata dama kuwa sun nuna bajinta. Caitlin Clark ta Jami'ar Iowa ta tara maki 3,951 cikin shekara huɗu, ta zarce kowa a tarihin sahun farko, maza da mata. Tun tana ɗaliba kamfanoni irin su Nike da Gatorade suka ɗauke ta talla. Wasan ƙarshe na mata na 2024, wanda Jami'ar South Carolina ta cinye Iowa, mutum fiye da miliyan 18 suka kalla a talabijin, ya fi na maza 'yan kallo a wannan shekara.

Duk da haka, da aka zo lissafin rabon kuɗin baya, kimanin kashi 75 cikin 100 aka ware wa 'yan ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka, kashi 15 ga maza 'yan ƙwallon kwando, mata 'yan ƙwallon kwando kuwa kashi 5 kacal. Shi ya sa a cikin watan Yuni 2025 wasu 'yan wasa mata takwas suka ɗaukaka ƙara, suna cewa rabon ya saɓa wa dokar 1972.

INDA GIZO KE SAƘA

Ni dai a ganina biyan nan daidai ne. Wanda ya yi aiki a ba shi ladansa tun kafin guminsa ya bushe. 'Yancin ƙaura ma ba laifi ba ne. Angel Reese ta bar Jami'ar Maryland ta koma ta Jihar Louisiana a 2022, shekara ta zagayo ta ci gasar ƙasa tare da su. Da ana bin tsohuwar doka da tana zaune a benci.

Amma fa kowane allazi da nasa amanu. Tun da aka buɗe ƙofar nan, kowace bazara ɗaruruwan 'yan ƙwallon kwando ke shigar da sunansu a rajistar ƙaura. Masu kuɗi magoya bayan jami'o'i suna haɗa asusu don janyo gwanaye, dillalai kuma suna kai gwauro suna kai mari tsakanin ɗalibai da makarantu, kowa da lada a ransa. Har ta kai mai koyarwa kan wayi gari ya ga rabin 'yan wasansa sun watse.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, shiga rajista ba samun gurbi ba ne. Da zarar yarinya ta sa sunanta, jami'arta tana da ikon yanke mata tallafin karatu a ƙarshen zangon. Idan ba wadda ta ɗauke ta, ta yi biyu babu ke nan, ba tsuntsu ba tarko. Hausawa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba ne, ga shi kuwa kuɗin nasu ma sunansa dala.

Sai kuma karatu. Mu malaman makaranta mun san halin yarinyar da ake cire ta daga wannan makaranta a kai ta waccan kowace shekara. Kafin ta saba da malamai an sake ɗauke ta, kullum tana baya. Haka yake a jami'a. Ba dukkan darussan da ɗaliba ta ci a tsohuwar makaranta ne sabuwar ke amincewa da su ba, wani lokaci har sai ta sauya fannin da take karanta. Mai jami'a uku ko huɗu cikin shekara huɗu tana iya gama wasa ba ta gama digiri ba.

Wasa kuma ƙurarren lokaci gare shi. Hukumar NCAA da kanta takan ce waɗanda ke zama ƙwararru masu cin abinci da wasa ba su kai biyu cikin ɗari ba. A 2024 'yan wasa 36 kawai aka zaɓa zuwa babbar gasar ƙwararru ta mata, wato WNBA, daga cikin dubbai. Caitlin Clark da aka fara zaɓa, albashinta na shekarar farko dala 76,535 ne. Ga haraji a kan kowace dala ta talla. Ga rauni, wanda jijiyar gwiwa ɗaya in ta tsinke sai ta zaunar da yarinya kusan shekara.

Dubi waɗanda suka yi wayo. Clark ta zauna a Iowa shekara huɗu ta fita da digirinta a 2024. Hailey Van Lith ta yi wasa a jami'a uku, Louisville da Jihar Louisiana da TCU, amma sai da ta kammala digirinta na fannin kuɗi cikin shekara uku a Louisville kafin ta ɗaga ƙafa. Ta yi ƙaura da takardarta a hannu.

ABIN DA YA SHAFE MU

'Ya'yan Nijeriya sun daɗe suna bin wannan hanya. Hakeem Olajuwon ya tashi daga Legas zuwa Jami'ar Houston a 1980, ya zama ɗaya daga cikin gwanayen duniya. To, iyaye su sani cewa baƙon ɗalibi ba ɗaya yake da ɗan ƙasa ba. Bizar karatu ta Amurka ta taƙaita aikin kuɗi da zai yi a cikin ƙasar. Oscar Tshiebwe ɗan Kwango, gwarzon ɗan wasan jami'o'i na 2022, sai da ƙungiyarsa ta Kentucky ta je tsibiran Bahamas sannan ya sami damar yin ayyukan tallarsa. Saboda haka duk dillalin da ya zo yana lissafa maki miliyoyin da ɗanki ko 'yarki za su kwaso, ki yi hattara da shi.

Ga kuma misalin Rena Wakama, 'yar asalin Jihar Ribas da aka haifa a Amurka. Ta yi wasa shekara huɗu a Jami'ar Western Carolina ta gama karatunta. Ba ta yi suna a gasar ƙwararru ba, amma a 2023 ta zama mace ta farko da aka damƙa wa koyar da ƙungiyar matan Nijeriya, ta ci kofin Afirka, a 2024 kuma ta kai su zagayen 'yan takwas a wasannin Olamfik na Faris, abin da wata ƙungiyar ƙwallon kwando ta Afirka ba ta taɓa yi ba.

Saboda haka, ke uwa, idan Allah ya ba 'yarki wata baiwa, ko ta wasa ce, ko ta ɗinki, ko ta lissafi, kada ki bari a ci guminta a banza, kada kuma ki bari kuɗin yau ya fid da ita daga aji. Duk takardar da aka kawo a sa hannu, a nemi wanda ya san doka ya karanta tukuna. A tambaya: wa zai biya kuɗin makaranta in ta ji ciwo? Darussan da ta ci za su bi ta in ta ƙaura? Nawa ne rabon dillali?

Ke kuma 'yar makaranta, ki san darajar aikinki, ki nemi haƙƙinki ba tare da jin kunya ba. Amma ki tuna tafi da yabo na 'yan shekaru ne, ƙarfin ƙafa ma yakan ƙare. Takardar shaidarki ita ce za ta bi ki har ɗakin aurenki da wurin aikinki, ba kuma mai ƙwace miki ita.

Allah ya yi wa 'ya'yanmu albarka, ya ba su ilimi mai amfani. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.