Mota Ta Ƙi Tashi? Kafin Ka Sauke Tanki, Duba Modul ɗin Famfon Mai

 Kamar kullum, ga rubutaccen shirin ga waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Yau maganarmu a kan wata matsala ce da ke cinye kuɗin mutane a banza. Ka fito da safe, ka murɗa makulli, inji na juyawa lafiya lau amma ya ƙi kamawa. Ko kuma kana cikin tafiya mota ta fara shiƙewa, ta mutu a tsakiyar titi, bayan minti goma ta tashi kamar ba ita ba. Ka kira bakanike, ya ce mai ba ya zuwa, famfo ne. A sauke tanki, a sa sabon famfo, ka biya. Kwana biyu matsala ta dawo. To a motoci da yawa na zamani, tsakanin batir da famfon nan akwai wani ɗan akwati da ake mantawa da shi. Shi ne modul mai sarrafa famfon mai.

Mene ne aikinsa?

A tsofaffin motoci masu injekta, famfo gudu ɗaya ya sani. Da rile ya ba shi wuta sai ya yi ta turo mai da cikakken ƙarfi, abin da inji bai sha ba ya koma tanki ta wani bututu. Daga baya kamfanoni da dama suka cire bututun komawar. A wasu daga cikin waɗannan motocin, famfo kan riƙa turo daidai abin da inji ke buƙata. Ƙwaƙwalwar mota ce ke yin lissafin, ta aika wa modul umarni, shi kuma ya riƙa ba famfo wuta yana yankewa cikin tsananin sauri, ta haka yake ƙara masa gudu ko ya rage. Ka ɗauke shi kamar abin murɗa fankar silin. Idan abin murɗawar ya ƙone, fanka ba za ta juya ba, alhali ita lafiyarta ƙalau. Ka gane inda matsalar take?

Bari mu ɗauki misalin da ya fi shahara, wato Ford F-150 ƙirar 2004 zuwa 2008. A wannan motar an ɗaure modul ɗin a ƙarƙashi, a jikin ƙarfen shasi, daidai saman safaya. Bayansa na alminiyam ne, shasi kuma baƙin ƙarfe. Idan waɗannan ƙarafa biyu suka manne, ruwa da gishiri suka shiga tsakaninsu, alminiyam ɗin ne ke cinyewa. A arewacin Amurka da Kanada kuwa gishiri ake watsa wa tituna lokacin sanyi saboda ƙanƙara. A hankali bayan akwatin ya rube, ya tsage, ruwa ya shiga ciki. Wannan ya shafe mu kai tsaye, don motocin kwatano da yawa daga can suke fitowa. Fenti na sheƙi a sama, tsatsa ta gama aiki a ƙasa, damina ɗaya a nan ta ƙarasa shi.

Ba Ford kaɗai ba ce. Chevrolet Silverado da GMC Sierra na wajen 2007 zuwa 2013 da yawa suna da nasu a kan shasi ta wajen safaya. BMW kuma tana da nata mai suna EKP, sai dai shi a cikin mota yake, ta ɓangaren baya. Amma a kula, ba kowace mota ke da shi ba. Wasu rile kawai gare su. Don haka fara tabbatar da tsarin motarka.

Yadda ake gano shi

Na farko, kunne. Ka murɗa makulli wuta ta kawo, kada ka tada. Wani ya tsaya kusa da bakin tanki. Ya kamata ya ji famfo ya yi ɗan gurnani na daƙiƙa ɗaya ko biyu ya tsaya. Idan shiru ne, abin da ka sani kawai shi ne famfo bai juya ba. Ba ka san dalili ba tukuna.

Na biyu, a sa mata kwamfuta. A Ford, lambobi irin su P1233, P1235 da P1237 wajen modul ɗin da wayoyinsa suke nunawa. U0109 na nufin ƙwaƙwalwar mota ta daina jin modul ɗin gaba ɗaya. A motocin Chevrolet da GMC za ka iya ganin P069E. Amma lamba unguwa take nuna maka, ba ta nuna gida. Waya da ta tsinke ma tana iya kawo lambar nan.

Na uku, masu arha. Duba fis da rile. A Ford akwai wani maɓalli da ke yanke wutar famfo idan mota ta yi karo, kuma wani lokacin mummunan rami kaɗai kan sa ya faɗa. A F-150 ɗin da muke magana yana wajen ƙafar wanda ke zaune gaba kusa da direba. Danna shi kawai ake yi. Haba, a ce ka sayi famfo saboda maɓalli?

Na huɗu, je ka ga modul ɗin da idonka. Sauke safaya, ka haska. Idan ka ga farin gari kamar toka, ko bayansa ya kumbura ya tsage, ka kusa gama bincike. Idan kuma ya yi kyau a ido, a zare soket ɗinsa, mai rewaya ya auna: wuta wajen bolt 12 tana isowa? Wayar at, wadda ke manne da jikin mota, tana kamawa sosai? Gara a gwada da ƙwan fitila bayan mita, don wayar da ta kusa tsinkewa tana iya nuna 12 a mita amma ta kasa ɗaukar nauyi.

Na biyar, shi ne mai raba gardama. Da zanen wayoyin motar a hannu, a tsallake modul ɗin na ɗan lokaci, a ba famfo wuta kai tsaye daga soket. Idan famfo ya yi gurnani, to shi lafiya yake, laifin na modul ne ko wayar da ke kawo masa umarni. Idan ya yi shiru, sai yanzu ne maganar sauke tanki ta taso. Kada a yi wannan da ka-ce-na-ce, haɗa wayar da ba ita ba na iya ƙona ƙwaƙwalwar mota. Kuma fetur ne a wurin, ba sigari, ba tartsatsi.

Canza shi

A F-150 ɗin nan aikin bai da wuya. Cire kan batir na baƙar waya. Zare soket, kwance noti biyu, akwati ya fito. Kankare tsatsar shasi, ka duba haƙoran soket, in sun yi kore a wanke ko a canza. Sababbi da yawa suna zuwa da 'yan robobi da ke ɗaga akwatin daga jikin ƙarfe. Don Allah kada a yar da su, su ne maganin abin da ya kashe na farko. Mayar da batir, murɗa makulli ka kashe sau biyu ko uku don mai ya cika bututu, sannan ka tada. A goge lambobin, a zaga da ita, a sake sa kwamfuta.

A Silverado da Sierra kuwa, sabon modul na kamfani yawanci sai an yi masa furogiramin da kwamfuta kafin ya yi aiki. Ka tambaya tun kafin ka biya. Kuma lambar jikin tsohon za ka bi, kama a ido ba ta isa ba. In na hannu za ka saya, juya bayansa ka duba, don shi ma wataƙila gishirin ya sha.

Abu biyu kafin mu rufe. Famfon da ya tsufa yana jan wuta fiye da ƙima, wannan kuma na iya ƙona sabon modul. Don haka in ba tsatsa ko ruwa ne ya kashe tsohon ba, a auna wutar da famfo ke ja. Masu yawo da mai a ƙasan tanki kullum, ku sani fetur ɗin ne ke sanyaya famfo.

Sai maganar "a yi mata dairek". Wani zai ce a ja waya a manta da modul. Eh, mota za ta tashi. Amma famfo zai riƙa gudu da cikakken ƙarfi, mai ya yi wa inji yawa, shan mai ya ƙaru. Mafi muni, in an yi hatsari inji ya mutu, famfo na iya ci gaba da feso fetur. Wannan arha ce mai iya cin rai.

A nan za mu tsaya. In an taɓa canza maka famfo matsala ta dawo, faɗa mana ƙirar motar da abin da aka gano daga baya. Ka kuma tura wa abokinka da motarsa ke kwana a gareji. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.