Jirgin faiba ma yana yoyo: yadda ƙaramar huda ke ruɓar da jirgin ruwa

Tun bayan hatsarin Patigi na watan Yunin 2023, wanda ya ci rayukan mutane sama da 100, kiraye-kirayen a daina amfani da kwalekwalen katako suka ƙaru, har ministan da ke kula da sufurin ruwa, Adegboyega Oyetola, ya buƙaci jihohi su koma ga jiragen faiba da na alminiyam. Sai dai jirgin faiba ma yana da tasa cutar, kuma ta sama take shiga.

Duk ƙarfen da ke saman jirgi, na ɗaure igiya ne ko na dafawa, sai da aka huda jirgin aka ɗaure shi da noti. A jiragen faiba da yawa, saman ɓawo biyu ne, da katako mara nauyi a tsakani. Idan ruwan sama ya bi hudar, katakon sai ya jiƙe ya ruɓe alhali waje na ƙyalli. Ranar da igiya ta fizga, ƙarfen ya tumɓuke.

Shafa gam a gefen ƙarfe daga waje aikin banza ne. Ƙwararru kan kwance ƙarfen, su kankare tsohon danƙo, su bar wurin ya bushe. Sai su faɗaɗa hudar, su cika ta da gam ɗin ifoksi, su sake hudawa bayan ya daskare, ta yadda ruwa ba zai taɓa katako ba. Daga nan su ɗan fafe bakin hudar, su sa danƙon butil a ƙarƙashin ƙarfen da wuyan notin, su ɗaure ta ƙasa ba tare da notin ya juya ba. Ƙasan hudar kuwa ba a liƙe shi, domin duk ɗigon da ya shiga ya fito a gan shi. Ana kuma guje wa gam mai riƙon dindindin irin 3M 5200, saboda wata rana za a sake kwancewa.

Hukumar NIWA mai hedikwata a Lokoja ce ke da alhakin duba lafiyar jiragen. Gwamnatocin da ke sayen sababbi kuwa, tambayar da ta dace da su ita ce: nawa aka ware domin gyara, kuma wa aka koya wa aikin?