Dinamon mota: alamomi 5 da ke nuna ya kusa mutuwa

Daga Filinge zuwa Yamai akwai kimanin kilomita 180. Mota ce ke kai amfanin gonarmu da bisashenmu kasuwar Lahadi ta Baleyara. Ita ce kuma ke ɗaukar mace mai naƙuda daga ƙauyukan Kurfai zuwa asibiti. In ta mutu cikin daji da dare, rai na iya salwanta.

Sau da yawa dinamo ne sanadi. Dinamo shi ne ke samar da wutar lantarki in inji yana aiki. Shi ke ba fitilu wuta, shi ke cika batir. Bel na roba ne ke juya shi. In ya daina aiki, mota za ta sha wutar batir har ta ƙare, sannan ta tsaya.

Ga alamomin:

1. Jar fitila mai hoton batir a gaban direba ta ƙi mutuwa bayan inji ya tashi.
2. Fitilun gaba suna dushewa, sai an taka totur su yi haske.
3. Batir yana yawan mutuwa ko da sabo ne, kullum sai an tura mota.
4. Ana jin ƙara mai tsini ko gurnani daga wajen dinamo.
5. Ana jin warin roba ko waya mai ƙuna.

Wanda ya ga ɗaya daga cikinsu, kada ya gaggauta sayen sabon batir. Ya fara zuwa wurin makanike a auna. Batir mai lafiya yana nuna kimanin bolt 12,6 in inji yana kashe. In inji yana aiki, ya kamata a ga 13,5 zuwa 14,5. Kada a cire wayar batir inji yana aiki da sunan gwaji, wannan yana ɓata dinamo.

In jar fitilar ta kama a hanya, a kashe rediyo da fanka, a nufi gari mafi kusa. Amma in bel ya tsinke kuma inji ya fara zafi, a tsaya nan take.

Ƙurar hunturu da ruwan damina suna cutar da dinamo. Direbobi, ku duba bel kafin kowace tafiya. Rigakafi ya fi magani.