Sunanka da lambarka dukiyarka ne: abin da doka ta ce

Jama'a, yau salula ta shiga kowane ƙauye. Da ita ake jin kuɗin gero a kasuwar Maraɗi, da ita ake aika kuɗi gida. To amma duk wanda ya buɗe WhatsApp ko Facebook yana barin sawu a baya: sunansa, lambarsa, hotonsa, garin da yake, da abin da yake yawan kallo. Waɗannan su ne ake kira bayanan mutum.

Mi ya sa ake tara su?

Mutum ba ya biyan ko dala wajen buɗe Facebook. Kampanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, daga talla yake samun kuɗinsa. In ya gane mutum manomi ne, sai ya nuna masa tallar taki. Mai taki shi ne ke biyan kampanin. Ke nan bayanan mutum haja ce mai tsada.

Mi doka ta ce?

A shekara ta 2017 Nijar ta yi dokar kare bayanan mutane, aka kafa hukuma a Yamai mai suna HAPDP don ta sa ido. A watan Disamba na 2022 aka yi sabuwar doka wadda ta maye gurbin ta farko. Ga manyan abubuwan da ke ciki:

1. Mai karɓar bayanan mutum sai ya faɗa masa abin da za ya yi da su.
2. In ba inda doka ta ba da izini ba, sai da yardar mai su.
3. Mutum yana da ikon ganin abin da aka rubuta a kansa, ya sa a gyara kuskure.
4. Yana da ikon ƙin a riƙa aiko masa talla da lambarsa.

Manyan kampanoni ma doka tana hawa kansu. A 2024 hukumar kare masu saye ta Najeriya ta ci Meta tarar dalar Amurka miliyan 220, saboda yadda ya yi da bayanan jama'ar ƙasar.

Mai salula shi ma da nasa nauyi

A 2019 an yi dokar laifukan intanet. A watan Yuni na 2024 aka ƙara mata tsanani. Wanda ya ɓata sunan wani ko ya zage shi ta intanet ana iya ɗaure shi shekara 1 zuwa 3, da tarar sefa miliyan 1 zuwa 5. Wanda ya watsa labari mai iya ta da hankalin jama'a, shekara 2 zuwa 5. Magana zarar bunu ce. Saƙon da aka tura cikin fushi ba ya komowa.

Abin da ya kamata a kiyaye

Kada ku ba kowa lambar sirri ta asusun kuɗinku, ko da ya ce daga kampani yake kira. Kada ku tura hoton katin shaidarku ga wanda ba ku sani ba. Kada ku watsa hoton wani, balle na yaro, ba da izini ba. Labarin da ba ku tabbatar ba, ku bar shi inda ya tsaya.

Wanda aka cuta ya kai ƙara wajen jandarma ko ƴan sanda, kuma kada ya share saƙon, don shi ne shaida. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa wannan shafi.