Ƙwarya da Faifai: Adon Kayan Gara a Ƙasar Haɗejiya

Duk wanda ya taɓa ganin ana kai gara a Haɗejiya ya san ba a ɗaukar alkaki da nakiya haka tsirara. Sai an zaɓi mazubi mai kyau, an rufe shi da faifai mai launi, kana mata su jera, su nufi gidan ango ko gidan suna. Dalili kuwa shi ne, tun kafin a ɗanɗana abin da ke ciki idon dangin miji ya riga ya auna darajar gidan da yarinya ta fito.

Galibin kayan nan albarkar fadama ne. Kogin Haɗejiya yakan yi ambaliya da damina, in ruwa ya janye ya bar ƙasa mai dausayi. Shinkafar da aka noma a nan ita ake dakawa a yi nakiya da zuma da man shanu, alkama kuwa a yi alkaki da ita. Waɗannan abubuwa sukan daɗe ba su lalace ba, gama zaƙi mai yawa yana hana ruɓa, man shanu kuma in an soya shi ruwan jikinsa ya ƙone, sai ya jima bai canja ba.

Ita ƙwarya daga duma take. In ya ƙosa a fafe shi, a ƙanƙare cikin, a shanya. Sa'an nan mai sassaƙa ya zana bayanta da wuƙa, ko ya sa ƙarfe a wuta ya ƙona mata zane baƙi. Waɗansu sukan goga farar ƙasa domin zanen ya fito sarai. Faifai kuma aikin mata ne, da ciyawa da kabar goruba, wadda ke da yawa a fadamun da ke tsakanin Haɗejiya da Nguru. Da can da karan dafi ake samun ja, daga baya galura ta kasuwa ta shigo. Kowace ƙwarya da abokin burminta, saboda haka mace mai hankali takan gwada faifai a bakin ƙwarya kafin ta saya.

Amma zamani ya juya. A 1930 hanyar jirgin ƙasa ta kai Nguru, ta bi ta Malam Madori, kayan kanti suka yi ta shigowa. Langa da fanteka suka ture ƙwarya gefe, yau kuwa bokitin roba ya ture su duka. Har wa yau, tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwa ta sake, ciyawar kacala ta toshe hanyoyinsa da yawa. Abin da ya taɓa fadama kuwa ya taɓa manomi da mai saƙa gaba ɗaya.

To, jama'a, ga abin lura. Ko ƙwarya ce ko kwalba, a wanke ta, a bari ta bushe ƙayau kafin a zuba kome, domin ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya kawo fumfuna. Kada a rufe alkaki da zafinsa, gama gumi zai sauko masa. Kada kuma galura ta taɓa abin ci. Adon waje ba ya ceton abin da ya ɓaci a ciki.

Wanda ya ɗora faifai ɗaya na saƙar gida a kan garar 'yarsa, ko da mazubin roba ne, ya mutunta waɗanda ya aika wa, ya kuma sa wata mai saƙa ta sami na cefane. In aka daina saye, masu koyo za su ƙare. Haza wassalam.